Ranar da Na Fitar da Kaskon Gwaggo

Ina da shekara biyar mahaifiyarmu ta rasu, kwana tara bayan ta haifi ƙanwata. Ban riƙe fuskarta ba, ban riƙe muryarta ba. Abin da ya zauna mini shi ne ƙamshin ɗakin da ta yi jego a ciki, turaren wuta mai nauyi, hayaƙi har ba ka ganin azarar rufi. Na girma ina ɗauka wannan shi ne ƙamshin uwata, duk inda na ji shi sai na tsaya.

Gwaggo, yayar mahaifinmu, ita ta riƙe mu a gidanmu na Ƙofar Kwaya. 'Yar guntuwar mace ce mai murya, in ta kira ka daga madafa sai an ji a zaure. Sana'arta biyu, wankan jego da haɗa turare, kuma duk unguwar babu mai ja da ita a ko ɗaya. In mace ta haihu, tun asuba Gwaggo ta ɗora rabin duro a kan murhu, ta zuba ganyen runhu da na bedi, ruwa ya tafasa har ya yi baƙi, sannan ta kama mai jego ta yi ta fyaɗa mata da ganye, safe da yamma, kwana arba'in babu fashi. Ta sha gaya mana cewa sanyi ne ya shige uwarmu ya kashe ta, don a lokacin ita sabuwar hannu ce, tana jin tausayi, tana sirka ruwa. Tun daga nan ta rantse ba ta ƙara sirka wa kowa.

Turarenta kuwa, a nan ne rowarta take. Ƙwaya uku take jefawa a garwashi, ko ɗiyar wa ce ta haihu. In aka ce ta ƙara sai ta harari mutum ta ce, "Itacen girki ne?"

Da na tafi makarantar koyon aikin ungozoma sai ta laƙaba mini suna Baturiyar gidan nan. Ba ta hana ni ba, ita ta ɗaure mini kayana ma, amma ba ta taɓa yarda cewa akwai abin da za a koya wa mutum a littafi game da mai jego ba. Na gama na dawo Katsina na kama aiki a ɗakin haihuwa a shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula karo na farko. Gari ya cika da tutocin jam'iyyu, kowane shago rediyo na ta magana. Gwaggo ma ta je ta jefa ƙuri'a, ta dawo tana nuna mana babban yatsanta, tana cewa yau an tambaye ta ra'ayinta, abin da ko mijinta marigayi bai taɓa yi ba.

A ƙarshen daminar nan ne ƙanwata ta dawo gida goyon ciki daga gidan mijinta a Ƙofar Marusa, don haihuwar fari ce. Na so ƙwarai in karɓi haihuwar da hannuna, sai aka tura ni wani ƙauye awon masu ciki na mako guda, kuma a makon ne naƙuda ta zo. Daga baya na ji yadda aka yi. Faya ta fashe tun ranar Juma'a, ba ta haihu ba sai Lahadi da hantsi. Tsohuwar ungozomar unguwa ta yi ta sa hannu tana dubawa, da mabiyiya ta yi jinkirin faɗowa kuma ta ja cibiya ta taimaka mata. An samu ɗa namiji lafiyayye. Ƙanwata ko uhum ba ta ce ba a duk tsawon naƙudar, kuma Gwaggo ta yi ta yawo da wannan labari gida-gida.

Na dawo ran kwana huɗu, bayan la'asar, daidai an fito da ita daga wanka. Na taɓa goshinta na ji zafi rau. Na ce, "Gwaggo, jikinta da zafi."

Ta ce, "To Baturiya, wadda ta fito daga tafasasshen ruwa, sanyi kike so ki ji?"

Ƙanwata ta ce mini a hankali kanta na sarawa, tana kuma ɗan jin ɗari. Lokacin sauro ne, rabin unguwar na kwance da zazzaɓi. Ni da kaina na buɗe jakata na ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro, na ɗauki jariri na yi masa wasa, na koma gidana a Ƙofar Kaura hankalina kwance. Ban taɓa cikinta ba, ban tambayi jininta ba. Shekara da shekaru ke nan, amma har yau in na tuna sai na ji haushin kaina, domin da baƙuwa ce a gadon asibiti da ban yi mata wannan sakaci ba. A gidanmu ni ba ma'aikaciya ba ce, ɗiyar Gwaggo ce mai jin kunyar ɗaga zanen ƙanwarta.

Ran kwana shida, jajibirin suna, na zo da hantsi. Tsakar gida cike da mata, masu daka na daka, masu suya na suya. Tun daga zaure ƙamshi ya tare ni. Da na ɗaga labulen ɗakin mai jego sai da idona ya yi ruwa. Kasko ɗaya a gindin gado, ɗaya a bayan ƙofa, na uku a bakin taga, kowanne an tula masa turare yana ta tuƙuƙi. Mata huɗu 'yan barka na zaune suna yaba ƙamshi.

Na tsaya da labule a hannu. Gwaggo mai ƙwaya uku? Gwaggon da ko ranar aurena ba ta ƙara ta huɗu ba? Mutum ba ya zubar da abin da yake rowarsa haka kawai, sai in akwai abin da yake rufewa.

Na dubi gado. Ƙanwata na kwance ta ba bango fuska, an lulluɓe ta da bargo biyu, kwanon kunun kanwarta na gefe ko taɓawa ba ta yi ba. Jariri na kuka a bayanta ba ta juyo ba. Matan suka ce kunyar ɗan fari ce, suka yi dariya.

Ban yi shawara da kowa ba. Na ce wa matan don Allah su ba mu wuri. Na naɗe hannuna da gefen mayafi na ɗauki kasko na farko na kai tsakar gida na dire, na dawo na ɗauki na biyu, na ɗauki na uku. Na yaye labule, na wangale taga. Daka ta tsaya cak. Sai ga Gwaggo daga madafa da muciya a hannu.

"Ke! Mi nike gani? Wa ya fitar mani da wuta?"

Na ce, "Ni ce, Gwaggo."

"Lalle ɗiyan nan kin ƙoshi. A gaban baƙi? Iska za ki sakar wa mai jego ta kwana shida? Maida su, tun ban saɓa maki ba!"

Ina jin tsoron Gwaggo, har gobe ma da tana raye da ina jin tsoronta. Amma nima jininta ne, kuma taurin kan nan a wurinta na sha. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Ki ba ni rabin awa. In ban ga komai ba, ni zan maida su da hannuna, in durƙusa a gaban matan nan in ba ki haƙuri."

Ta shigo ɗakin ta saki labule a bayanta, ta rage murya don kada a ji. "Rabin awar mi? Asirinta kike so ki tona? Gobe dangin mijinta za su cika ɗakin nan."

Nan na gane ta sani. Ta ji abin da take rufewa, kuma don ƙauna take rufe shi.

Muka zauna muna jira. Hayaƙi ya riƙa fita ta taga. Kafin rabin awar ta cika warin ya taso, a hankali da fari, sannan ya cika ɗakin. Jinin biƙi, wato na bayan haihuwa, yana da ƙarninsa, duk wadda ta yi aikin haihuwa ta san shi, ba ya damun kowa. Wannan daban ne, wari ne irin na naman da ya kwana biyu a rufe.

Na sa mata ma'aunin zafi a ƙarƙashin harshe. An yi wankan safe tun bayan asuba, awa huɗu ke nan, babu mai cewa zafin ruwa ne. Ma'aunin ya haye ɗari da biyu, zazzaɓi ne mai ƙarfi. Na kama wuyan hannunta ina kallon agogona, jijiya na gudu kamar ta wadda ta yi tsere. Sai na bi ta da tambaya ɗaya bayan ɗaya, yadda aka koya mana, don zazzaɓin mai jego ƙofofinsa da yawa. Tari? Babu. Fitsari na zafi? Babu. Na duba nono, ba tauri, ba ja. Na matsa sha-raɓarta, ba kumburi, ba ciwo. Maganin sauro kuma ta sha kwana biyu bai taɓa zazzaɓin ba.

Na ce, "Gwaggo, ina ƙyallen da ta cire da safe?"

Ta zaro ido. Mu a wurinmu ƙyallen jinin mai jego ba abin nunawa ba ne. Ana ɓoye shi ne don kada mugun mutum ya samu ya yi aiki da shi, kuma Gwaggo da kanta take wanke na ƙanwata a bayan ɗaki, ta shanya a inda ko kaza ba ta gani. Ta ce, "Har da wannan?" Na ce har da shi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta jawo wata tsohuwar tasa daga ƙarƙashin gado ta buɗe murfin.

Ran kwana shida ya kamata jini ya fara dusashewa, ya ragu. Wannan ya yi duhu, ya yi kauri, da ruwan ɗorawa-ɗorawa a gauraye, ga yawa.

Saura abu ɗaya. Na ce wa ƙanwata ta kwanta rigingine. Na ɗumama hannuna na ɗora a cikinta. Bayan haihuwa mahaifa tana tsukewa ta yi tauri, kullum tana sauka kamar faɗin yatsa guda, ran kwana shida sai ka neme ta can ƙasa da cibiya. Tata na nan daidai cibiya, ba ta sauka ba, kuma taushi gare ta. Na ce, "Nan da ciwo?" Ta girgiza kai, idonta a kan Gwaggo. Na danna kaɗan.

Ta ƙwalla ƙara. "Wayyo Yaya! Wayyo Allah, bari!"

Yarinyar da ta yi kwana biyu tana naƙuda ba a ji bakinta ba. Muciya ta faɗi daga hannun Gwaggo. Ƙanwata ta fashe da kuka ta ce tun ran kwana uku mararta ke ci kamar wuta, ta yi shiru ne don kada a ce ta kasa jego.

Na juya na fuskanci Gwaggo. Na ce, "Ba sauro ba ne, ba sanyi ba ne. Ƙwayar cuta ce ta shiga mahaifa, bangon cikinta ya kumbura yana ruɓa. Ina zaton ma akwai guntun mabiyiya da ya maƙale. In ya wuce nan ya shiga jini, babu ruwan zafin da zai fito da shi. Asibiti za mu, yanzu."

Ta ce, "Gobe suna. Mai jego ba ta taka waje kafin arba'in, balle kafin suna. In aka fasa wanka ko na yini ɗaya..."

Raina ya ɓaci, na faɗi abin da ban taɓa zaton zan iya faɗa mata ba. Na ce, "In ta kwana biyu a ɗakin nan, mutanen da za su zo suna gobe su ne za su dawo gaisuwar mutuwa. Ni dai ba zan rasa ta ina kallo ba, ko za ki tsine mini."

Gwaggo ta sunkuya ta ɗauki tasar nan, ta kai ƙyallen kusa da hancinta, ta shaƙa sosai, ta rufe ido. Na ga leɓenta na motsi. Da ta buɗe ido sai ta cire mayafinta ta lulluɓe ƙanwata da shi tun daga kai, ta leƙa tsakar gida ta daka tsawa a nemo mota.

Motar da aka samu a-kori-kura ce ta wani maƙwabcinmu, wadda aka yi yawon neman ƙuri'a da ita, har lokacin da tutar jam'iyya a gabanta da lasifika a sama. A cikinta muka ratsa gari, ni da Gwaggo a baya mun sa ƙanwata a tsakiya, jariri a bayan Gwaggo. Mutane na ɗaga mana hannu, sun ɗauka murnar sabuwar gwamnati muka fito.

Likitan da ke bakin aiki dattijo ne mai tsare gida, mu ƙananan ma'aikata ko kallonmu ba ya yi. Na tsaya na zayyana masa komai a jere: yaushe faya ta fashe, yaushe aka haihu, yadda aka ja mabiyiya, zafin jiki, bugun jijiya, inda mahaifa take, launin jini da warinsa, da abubuwan da na duba ban samu ba. Bai katse ni ba. Ya duba ta da kansa, ya sa aka ɗebi jini a ga ko akwai cutar sauro, aka goga auduga a bakin mahaifa aka kai ɗakin gwaji. Bai jira sakamako ba ya sa aka ɗaura mata ruwa, aka fara allurai masu kashe ƙwayar cuta. Yana wanke hannu ya tambaye ni, ba tare da ya juyo ba, wa ya gano wannan a gida. Na ce ni ce. Ya ce, "Kin yi aiki. Da an ƙara kwana biyu da wata maganar muke yi." Wallahi kaina sai da ya yi girma, na fito ina jin kamar ƙasa ba ta isa in taka ta ba.

Jini bai nuna cutar sauro ba. Washegari aka yi mata wankin ciki aka fito da guntun mabiyiya, bai fi babban yatsa ba. A wannan safiyar aka yanka rago a Ƙofar Kwaya aka raɗa suna, babu mai jego babu jariri a gidan. An yi surutu, har aka ce boko ya sa na raina wadda ta goya ni. Ban kula ba. Ran kwana uku a asibiti zazzaɓi ya sauka, ƙanwata ta tashi zaune ta ce yunwa take ji, ta miƙa hannu a ba ta ɗanta a gaban kowa, kunyar ma ta manta da ita.

Gwaggo ba ta bar asibitin ba. Kullum sai ta zo da ruwan zafi a bokiti ta yi ta rigima da ma'aikata, har aka daidaita a kan ta riƙa gasa mata baya da ƙafafu da tawul. Amma ni ba ta yi mini magana. Sai ran da za a sallame su, da rana, na same ta zaune ita kaɗai a gindin bishiya a harabar asibiti. Ta nuna mini gefen tabarma, na zauna.

Ta ce, "Warin nan, na san shi."

Na juyo na dube ta, ta ci gaba.

"Ran kwana biyar ya fara a ɗakin uwarku. Ba ta ce komai ba, ita ma mai kunya ce. Na ce kada mutane su ji su raina matar ƙanena. Duk turaren da nike da shi na ƙone a ɗakin nan, har na aro na maƙwabta." Ta goge ido da bakin zane. "Shekara goma sha tara ina cewa ruwa na sirka. Gaya mani gaskiya, ke da kika yi karatu. Shi ne?"

Na so in yi mata ƙarya, amma ba ta goya ni a kan ƙarya ba. Na ce, "Allah ne masani, Gwaggo, amma ya yi kama. A lokacin kuma babu wanda ya gaya miki. Wannan karon da aka gaya miki, ke kika lulluɓe ta, ke kika kira mota."

Ta yi kuka, nima na yi. Ƙamshin da na ɗauka na uwata ne tun ina yarinya, ashe abin da aka rufe ciwonta da shi ne. Na daɗe kafin in iya jin sa ban ji ƙirjina ya yi nauyi ba. Amma ban taɓa riƙe Gwaggo a zuciya ba, ko na rana ɗaya.

Bayan shekara biyu ƙanwata ta sake haihuwa, mace, a hannuna wannan karon. Mahaifar da muka ji tsoron ta lalace ta ɗauki ciki ta sauke lafiya. Ran kwana uku na biya ta gidanta a Ƙofar Marusa bayan na tashi aiki. Ɗaki cike da 'yan barka, cikinsu har da waɗanda suka zage ni wancan karon. Babu hayaƙi ko kaɗan. Gwaggo na zaune a bakin ƙofa da kasko a gabanta, garwashi ya ci har ya fara toka, ƙwayoyin turarenta uku a tafin hannu ba ta jefa ba.

Wata daga cikin matan ta ce, "Haba Gwaggo, tun ɗazu muke zaune, ba za a ba mu ƙamshi ba?"

Gwaggo ko kallonta ba ta yi ba. Ni ta kalla, ta ɗaga muryar nan tata da ake ji har zaure, ta ce, "Ku tashi ku ba ɗiyata wuri. Sai ta shiga ta duba ta ce mani lafiya, sannan in sa."

Na shiga na saki labule. Na shaƙi iskar ɗakin, na duba ƙyalle, na ɗora hannu a cikin ƙanwata. Mahaifa ta yi tauri, ta sauka yatsa uku ƙasa da cibiya. Na danna, ta yi dariya ta ce hannuna da sanyi.

Na leƙo na ce, "Gwaggo, sa turarenki."